Garambawul a Cikin Injin Burauza: Wa Ke Raba Gurbi, Wa Ke Karɓarsa?

Duk wanda ya buɗe shafin intanet a waya ko a kwamfuta, rubutu da hoto idonsa yake gani. A ƙarƙashi kuwa injin burauza ne yake karanta shafin yana warware shi gutsi-gutsi. Kowane sakin layi, kowane hoto, kowane maɓalli yakan zama ƙunshin bayani mai zaman kansa, kuma kowane ƙunshi sai an yankar masa gurbi a cikin ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura, wadda masu sayar da waya suke kira RAM. Shafin jarida guda ɗaya yakan haifar da dubban irin wannan ƙunshi kafin ya gama buɗewa. Wasu sukan zauna har a rufe shafin, wasu kuma ƙiftawa da bisimilla an gama da su.

Manyan injinan burauza uku ne suka rage a yau. Akwai Blink, wanda Chrome da Edge da Opera da Samsung Internet suke tafiya a kansa. Akwai WebKit na Safari, sai Gecko na Firefox. Dukansu da harshen C++ aka rubuta mafi yawansu, harshen da ya ɗora wa mai rubuta manhaja nauyin neman gurbi da kansa, da kuma mayar da shi idan an gama. Umarnin neman gurbi shi ne new, na mayarwa kuma delete. A manhaja mai layi ɗari wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. A injin da ke da miliyoyin layuka, wanda dubban mutane suka sa wa hannu cikin shekara fiye da ashirin, nan ne gizo ke saƙar.

Shi ya sa tun daga tsakiyar shekarun 2000 har zuwa yau injiniyoyin waɗannan injina ba su daina wani irin aiki ba: su bi layukan da suke aiki lafiya lau, su sake musu fasali, ba don shafi ya ƙara kyau ko wani sabon maɓalli ya fito ba, sai don a canza yadda ƙunshi yake samun gurbinsa. Mai amfani da burauza ba ya ganin komai ya sauya. A ra'ayina wannan aiki maras ɗaukar ido shi ne ginshiƙin kusan duk ci gaban da aka samu wajen tsaron burauza da rage cin ƙwaƙwalwarta, kuma dalilin ɗaya ne: muddin neman gurbi yana warwatse a wurare dubu, ba mai iya kafa masa doka, ranar da aka tattara shi a ƙofa ɗaya, ranar ce doka take yiwuwa.

Ɓarnar da rashin tsari ke jawowa iri uku ce. Ta farko, a nemi gurbi a manta ba a mayar ba, burauza ta yi ta kumbura har na'ura ta fara jan ƙafa. Ta biyu, gurabe su wargaje, a sami fili da yawa amma duk ƙanana-ƙanana a tsakanin wuraren da ake amfani da su, ba wanda zai ɗauki babban ƙunshi. Waɗannan biyun suna ɓata rai, amma ba su kai ta ukun haɗari ba, wato a mayar da gurbi alhali wani sashe na manhaja yana riƙe da adireshinsa, yana zaton mai gurbin na nan.

A ɗauki misalin gidan haya. Wani ɗan haya ya tashi daga ɗaki na bakwai, mai gida ya ba wani baƙo ɗakin, amma ba a sanar da yaron shagon da ya saba zuwa karɓar umarni a wannan ɗaki ba. Gobe yaro ya ƙwanƙwasa ƙofa, duk abin da aka ce masa daga ciki zai aikata, don a saninsa maigidansa ne ke magana. To idan baƙon nan da gangan ya kama ɗakin, saboda ya san yaron zai zo, an gama. Haka abin yake a burauza. Mai kai hari yana rubuta shafi da JavaScript wanda zai sa injin ya saki wani ƙunshi, nan take ya nemi gurbi mai girma iri ɗaya ya cika shi da bayanan da ya tsara. Da yawan ƙunshin C++ a farkonsu akwai adireshin jerin ayyukan da suke iya yi. Idan maharin ya rubuta nasa adireshin a daidai wannan wuri, injin da ƙafarsa zai tafi inda aka tura shi.

Wannan ba hasashe ba ne. Harin da Google ya bayyana a watan Janairun 2010, wanda aka fi sani da Aurora, ta irin wannan kafa ya shiga a Internet Explorer. A watan Agustan 2016 an aika wa Ahmed Mansoor, mai fafutikar kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, saƙon waya mai ɗauke da mahaɗi. Bai taɓa ba, ya tura wa masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto, suka gano cewa matakin farko na harin wani kuskuren sarrafa ƙwaƙwalwa ne a WebKit, wanda zai buɗe hanyar dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus. A 2020 kuma masu kula da Chromium, tushen da aka gina Chrome a kansa, suka bi diddigin manyan kurakuran tsaro 912 da aka samu tun 2015, suka tarar kusan kashi 70 cikin ɗari matsalar ƙwaƙwalwa ce, kuma rabin waɗannan amfani ne da gurbi bayan an sake shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a burauza mafi yawan tsagar a nan take.

Matakin farko da WebKit ya ɗauka shi ne ƙidayar masu riƙe da ƙunshi. Kowane ƙunshi yana da lamba. Wanda ya kama shi ya ƙara ɗaya, wanda ya saki ya rage ɗaya, idan ta koma sifili ƙunshin ya tafi. Da farko injiniya ne ke rubuta ƙarin da ragin da hannunsa, ana kuwa mantawa. Sai aka kawo RefPtr, wani manuni, wato mai riƙe da adireshin ƙunshi, da ke yin ƙidayar da kansa. Amma akwai wani ɗan wuri mai santsi. A tsohon tsarin ƙunshi yana zuwa duniya da ƙidayar sifili. Idan a lokacin da ake cikin gina shi ya miƙa kansa ga wani sashe, sashen ya kama shi na ɗan lokaci ya saki, ƙidaya ta tashi zuwa ɗaya ta dawo sifili, sai a rushe ƙunshin tun ba a gama gina shi ba. Maganin da aka samo shi ne ƙunshi ya fara da ɗaya, mai karɓarsa na farko kuma ya karɓe shi ta adoptRef ba tare da ƙara komai ba. Domin kada wani ya manta, aka ɓoye maginin kowane aji, wato samfurin da ake gina ƙunshi a kansa, aka buɗe masa ƙofa ɗaya mai suna create. Wanda ya yi ƙoƙarin rubuta new daga waje, manhajar da ke juya rubutu zuwa harshen na'ura za ta ƙi karɓa. Abin da a da yake dogaro da tunawar mutum ya koma hannun na'urar da ba ta mantuwa, kuma wannan shi ne salon da za a yi ta maimaitawa a duk garambawul ɗin da ya biyo baya.

Akwai wani labari daga WebKit ɗin da ya dace a tsaya a kansa, don yana nuna cewa ko gyara mai kyakkyawar niyya yana iya zuwa da nasa ciwon. WebKit yana da nasa mai rabon gurbi, fastMalloc, wanda ya fi na tsarin na'ura sauri wajen ƙananan ƙunshi. Hanya mafi sauƙi ta amfani da shi ita ce a karkatar da kowane new zuwa gare shi gaba ɗaya. Matsalar ita ce WebKit ba shi kaɗai yake zaune ba, ana dasa shi ne a cikin manhajojin wasu, kuma idan aka nemi gurbi a wurin mai rabo ɗaya aka mayar wa wani daban, manhaja faɗuwa take yi. Sai aka yanke shawarar kowane aji ya faɗi da bakinsa inda zai nemi gurbi. Zoltan Horvath na Jami'ar Szeged a ƙasar Hungary ya ɗauki dogon lokaci yana bin azuzuwan ɗaya bayan ɗaya, yana sa su gāji wani aji maras komai a ciki mai suna FastAllocBase.

A takarda aji maras komai bai kamata ya ci wuri ba. Amma dokar C++ ta ce ɓangarori biyu masu nau'i ɗaya a cikin ƙunshi guda ba za su zauna a adireshi ɗaya ba. Don haka idan aji ya gāji FastAllocBase, kuma abu na farko da ke cikinsa shi ma ya gāje shi, dole a saka ɗan fili tsakaninsu. 'Yan bayit kaɗan ne, amma a ninka su da yawan ƙunshin da shafi ke haifarwa. Gyaran da aka yi don tsabta ya koma yana ƙara wa injin ƙiba. A farkon 2011 aka sake bin azuzuwan, aka cire gadon, aka maye gurbinsa da layi ɗaya da ake rubutawa a cikin kowane aji, WTF_MAKE_FAST_ALLOCATED. Wani zai ce an yi aiki biyu a banza. Ni ban ga haka ba. Wahalar farko ce ta sa kowane aji ya sami wurin da aka rubuta asalin gurbinsa, kuma shekaru bayan haka, lokacin da Filip Pizlo da abokan aikinsa a Apple suka kawo IsoHeap, tsarin da ke ba kowane nau'in ƙunshi filinsa na kansa wanda wani nau'i ba zai taɓa shiga ba, abin da aka buƙata a azuzuwan da abin ya shafa shi ne a sauya wancan layi da wani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tunanin raba fili bisa nau'i ya girmi IsoHeap. Gecko ya daɗe yana ajiye ƙunshin da ke tsara shimfiɗar shafi a wani keɓantaccen fili, kuma Mozilla, mai Firefox, ta ƙara masa wata dabara: gurbin da aka saki sai a cika shi da adireshin da ba ya kaiwa ko'ina, kuma ba za a sake ba da shi ba sai ga ƙunshi irinsa. Wanda ya bi tsohon manuni, burauza ce za ta faɗi, ba na'ura ce za a ƙwace ba. WebKit ma yana da irin wannan fili, RenderArena, wanda asalinsa daga rubutun Mozilla aka ɗauko. A 2012 wasu injiniyoyi suka ga ya tsufa, ba ya ƙara wani saurin kirki, gara a cire shi a huta. Chris Evans, na sashen tsaron Chrome, ya nuna musu cewa wannan tsohon fili yana hana bayanan da mahari ke iya tsarawa sauka a gurbin ƙunshin zane, don haka yana dakushe kaifin kurakurai masu yawa. A nan ne haɗarin garambawul yake a fili. Alkawarinsa shi ne ba zai canza halin manhaja ba, amma akwai halayen da ba a rubuta su ko'ina ba, gwaji ba ya kama su, sai wanda ya san yadda mahari ke tunani ne yake ganinsu.

Bayan Google ya ɓalle daga WebKit ya kafa Blink a watan Afrilun 2013, wannan darasi ne ya zama PartitionAlloc. Aka raba ƙwaƙwalwa gida-gida, ƙunshin zane a nasu, rubutu da jerin bayanai, waɗanda shafi ke da iko kan abin da ke cikinsu, a nasu daban. Shekaru da dama yana aiki a Blink kawai. A Chrome 89, cikin watan Maris na 2021, aka shimfiɗa shi ya zama mai rabon gurbi na burauzar gaba ɗaya a Android da Windows mai bit 64, Google kuma ya ba da rahoton cewa a Windows cin ƙwaƙwalwar babban sashen burauzar ya ragu da abin da ya kai kashi 22 cikin ɗari. Firefox ya riga ya bi makamanciyar hanya tun 2008, lokacin da Firefox 3 ya ɗauki jemalloc na Jason Evans don magance wargajewar gurabe.

Ƙidayar masu riƙe tana da wani rauni da ba ya gyaruwa. Idan ƙunshi biyu suna riƙe da juna, ƙidayar kowannensu ba za ta sauka sifili ba har abada. Shafin intanet kuwa cike yake da irin wannan zobe: uwa tana nuna 'ya'yanta, 'ya'ya suna nuna uwa, JavaScript yana riƙe da duka. Hanyar da aka saba bi ita ce a bar ɗaya daga cikin manunan ba ya shiga ƙidaya, kuma irin wannan manuni shi ne ainihin wanda ke zama yana nuna gurbin da aka saki. Blink ya yanke shawarar sauya tsarin daga tushe da Oilpan, mai sharar ƙwaƙwalwa wanda lokaci-lokaci yake bin manunai tun daga saiwa, duk ƙunshin da bai iske ba ya kwashe shi. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda aka yi ƙaurar. Ba a iya tsayar da Chrome shekara uku ana gyara, sabuwar fitowa na zuwa duk bayan 'yan makonni. Sai aka ƙirƙiri sunaye na wucin gadi irin su RefPtrWillBeMember, wanda idan an kunna Oilpan yake nufin sabon manuni, idan an kashe yake nufin tsohon. Rubutu ɗaya, injin biyu, ana gwada su kafaɗa da kafaɗa. Munin sunayen ya isa, amma su suka ba da damar a yi tafiyar taki-taki, har aka kunna Oilpan ga jama'a a Chrome 50 cikin 2016, sannan aka share su.

Ko bayan haka ba a tsaya ba. Daga ƙarshen 2018 aka shiga sauya duk inda ake gina ƙunshin Oilpan da new zuwa MakeGarbageCollected. Wanda ya duba canjin a layi ɗaya zai ce sauya suna ne kawai. Bambancin yana cikin abin da ƙofar take yi: ta nemi gurbi, ta rubuta ɗan bayani a gabansa, ta gina ƙunshin, sannan bayan an gama ta sa alamar cewa ginin ya kammala. Wannan mataki na ƙarshe new ba ya ba da wurin yinsa. Amfaninsa kuwa babba ne, domin idan ana so mai shara ya riƙa aikinsa a gefe yayin da shafi ke ci gaba da motsi, don kada allo ya riƙa daskarewa, dole ya iya bambanta ƙunshin da aka gama da wanda ake cikin ginawa, kada ya bi manunin da ba a riga an cika ba. Da aka gama sauyin sai aka toshe tsohuwar ƙofar, yadda ko sabon ma'aikacin da ya zo jiya ba zai iya bin ta ba.

Na baya-bayan nan mafi girma shi ne MiraclePtr. Sassan Chrome da ba sa ƙarƙashin Oilpan cike suke da manunai tsirara. Aka rubuta wata manhaja da ta bi rubutun ta sauya fiye da 15,000 daga cikinsu zuwa raw_ptr. Idan aka saki ƙunshi alhali akwai raw_ptr da ke nuna shi, PartitionAlloc ba zai sake ba da gurbin ba. Zai cika shi da shara ya killace shi har manuni na ƙarshe ya tafi. An fara kunna shi a Chrome 102 cikin 2022, a babban sashen burauzar a Windows da Android. A lura da jerin: ba don PartitionAlloc ya riga ya zama mai rabo guda na kowa ba, da babu inda za a ajiye ƙidayar da MiraclePtr ke dogaro da ita.

Masu adawa da irin wannan aiki suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. MiraclePtr kansa ya ƙara cin ƙwaƙwalwar babban sashen da wajen kashi 4.5 zuwa 6.5 cikin ɗari a Windows, kamar yadda Google ya faɗa, kuma hasashen farko shi ne zai kare kusan rabin irin waɗannan kurakurai ne a inda aka sa shi, ba duka ba. Raba fili bisa nau'i yana barin gurabe a zaune ba kowa, don wani nau'in ba zai iya aro ba. Canji ɗaya da ya taɓa fayil dubu yana karo da aikin duk wanda ke gyara wani abu a lokacin, yana binne tarihin layukan da mai neman asalin kuskure zai so ya bi, kuma kamfanonin da suka gina burauzarsu a kan Chromium dole su haɗiye shi ko suna so ko ba sa so. Sannan akwai masu cewa duk wannan faci ne, gara a bar C++ ɗin. Mozilla ta nuna hanyar a Firefox 57 cikin Nuwamban 2017, da ta sa injin sarrafa salon shafi da aka rubuta da Rust, harshen da ke bin diddigin mallakar kowane ƙunshi tun kafin manhaja ta fara aiki, kuma a farkon 2023 Chromium ya buɗe ƙofa ga tarin rubutun Rust na waje. Na yarda can ne alƙiblar. Amma miliyoyin layukan da ke hannu ba za su sake rubuta kansu ba, biliyoyin mutane kuma a kansu suke hawa intanet yau da safe. Mai cewa a jira sabon harshe bai faɗi abin da za a yi da waɗannan mutane kafin nan ba.

Mu a nan muna cikin waɗanda abin ya fi shafa, ko da ba mu san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare ba. Wayoyin da suka cika hannun jama'a daga Kano zuwa Maraɗi, irin su itel da Tecno da Infinix, da yawa daga cikin masu arahar ƙwaƙwalwar aikinsu gigabayit 2 ce ko 3. Idan ta cika, Android yakan kashe abin da ke baya. Mutum ya fita daga burauza ya duba saƙo, ya dawo ya tarar shafin yana sake buɗewa daga farko, data ta sake tafiya. 'Yan bayit ɗin da aka yi ta kai-kawo a kansu a Szeged, a irin wannan waya ne ake jin nauyinsu. Ba kuma Chrome kaɗai ba: manhajoji da dama da ke nuna shafi a cikinsu da WebView suke yi, shi ma Chromium ne a ciki.

Ga matasanmu masu koyon rubuta manhaja, rubutun waɗannan injina uku a buɗe yake, kowa na iya karantawa, kuma irin wannan aiki na sauya layi ɗaya a wurare da yawa yana cikin hanyoyin da sababbin hannu suke fara shiga manyan ayyuka. Ga sauran masu karatu kuma, tun daga Android 5.0 na 2014 ana sabunta WebView ta Play Store, ba sai kamfanin waya ya turo sabon tsari ba. Ko wayarka ta daina samun sabuntawa daga masu ƙera ta, idan ka sami data ko Wi-Fi, shiga Play Store ka sabunta Chrome da Android System WebView, domin gyaran da aka yi shekaru ana yi ba zai iso gare ka ba sai ta nan.